Tarihin ciwon kwamfutar shago: daga ɗaukewar sikirin har zuwa mutuwar RX 580

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Na fara rubuta wannan ne saboda na lura in kwamfuta ta rikice wa mutum sai ya manta me ya taɓa jiya me bai taɓa ba, ya dinga maimaita abu ɗaya yana ɓata lokaci. Toh zan dinga ajiye komai a nan da kwanan wata.

Kwamfutar da ake magana ita ce ta shago, da ita nake cin abinci, katin gayyata, kalandar biki, bana (banner), da haɗa bidiyon ɗaurin aure da kamu da dina duk a kanta nake yi. Firosesa Intel i5-6500, ram 16GB, SSD ɗaya hadis (hard disk) ɗaya, sai katin girafis, wato mai fitar da hoto a sikirin, RX 580 mai 8GB wanda na saya na hannu a farkon 2023. Fawa fak kuma, wato akwatin da ke raba wa kayan ciki wuta, an rubuta masa 500W a jiki, tare da kes ɗin ya zo. Windows 10 ce a kai.

Yau wajen ƙarfe sha ɗaya ina tsaka da yanka bidiyo a Premiere kawai sikirin ya yi baƙi ƙirin, kamar daƙiƙa uku, sai ya dawo. Fankoki na juyawa, sauti bai tsaya ba. Nace ƙila waya ce ta motsa. Bayan azahar ya sake yi sau biyu, na biyun da ya dawo Premiere ta rufe kanta, aikin kusan minti arba'in ya tafi tunda ban yi sebin ba. Abin da ya ɗaga min hankali shi ne lokacin, kowa ya san yadda ake turmutsutsun biki kafin azumi, ina da bidiyo huɗu a hannu da kati kala shida, ba lokacin da kwamfuta za ta yi min haka bane wallahi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na fara da mai sauƙi. Na canza wayar HDMI da sabuwa, na canza ramin da nake sakawa a bayan katin, ba abin da ya sake. Na sa ƙanena ya ɗauko min talabijin ɗin ɗakina muka jona, minti ashirin da fara aiki ita ma ta ɗauke ta dawo. Kenan ba monita bace ba kuma waya bace. Na cire su daga lissafi.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na shiga Event Viewer, inda Windows ke rubuta matsalolin da suka faru, ƙarƙashin System, na tarar da gargaɗi mai lamba 4101 jere reras, kowanne daidai da lokacin da sikirin ya ɗauke. Ma'anarsa direban hoto ya daina amsawa sannan Windows ta tashe shi. Yadda abin yake, Windows na ba katin daƙiƙa 2 ne ya amsa in ta aike shi, in ya wuce haka shiru sai ta kashe direban ta sake kunna shi, wannan baƙin da nake gani kenan. In ta yi ƙoƙarin tashinsa ya ƙi tashi shi ne take jefo shuɗin sikirin mai VIDEO_TDR_FAILURE. Ban kai nan ba tukuna.

Matsalar ita ce wannan gargaɗin baya faɗa maka waye mai laifi. Direba mara kyau na jawo shi, zafi na jawo shi, ƙarancin wuta na jawo shi, kati mai shirin mutuwa ma haka. Kamar yaro ne ya ce maka kansa na ciwo, zai iya zama rana ce, zai iya zama zazzaɓin cizon sauro.

Na sauke DDU, wato Display Driver Uninstaller, na cire wayar intanet don kada Windows ta yi min rigar gaba ta ɗora nata direban, na shiga Safe Mode na share direban AMD tas, na yi ristat na ɗora sabo. Data ta ci ba kaɗan ba. Na yi aiki awa biyu lafiya lau har na fara murna, ana kiran magariba ya sake ɗaukewa. Na sake yin DDU na ɗora tsohon direba wanda na san na yi wata da watanni a kansa ba matsala. Shi ma haka. To in direban da ya yi aiki bara yau ya ƙi, ai ba direban bane ya canza, wani abu ne a cikin akwatin ya canza.

Wani abokina yace in yi fomat kawai in huta. Ban yi ba. Kwana ɗaya cur zan ɓata wajen mayar da CorelDraw da Photoshop da fon ɗin rubutu sama da ɗari, kuma babu wata alama da ta nuna Windows ce.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Bayan an sauko daga masallaci na buɗe akwatin. Innalillahi. Ƙurar hunturun nan ta yi dam a ciki, tsakanin haƙoran ƙarfen da ke sanyaya katin kamar an cusa auduga, ja-ja haka. Shagona bakin titi yake, ƙofa a buɗe daga safe har dare, kuma rabon da in buɗe akwatin tun kafin damina.

Kafin in taɓa komai na fara auna zafi don in samu abin kwatantawa. Na kunna GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati da zafinsa, na sa bidiyo yana fita. A zaune katin na digiri 54, da aiki ya kankama ya haura 88 har ya taɓa 90, gudun sa kuma ya dinga faɗuwa ƙasa da 1340MHz da ya kamata RX 580 ya riƙe. Na leƙa da tocilan sai naga fanka ɗaya cikin biyun tana juyawa da kyar, tana tsayawa tana tashi. A kula, da yawa daga katunan nan fankarsu bata juyawa sam in basu yi zafi ba, haka aka yi su, don haka ganin fanka a tsaye kana kan Facebook ba matsala bane. Amma a digiri 88 fanka na rarrafe, wannan kam matsala ce.

Na kashe, na zare wuta, na danna makunnin na ɗan lokaci don sauran wutar ta fita, na cire katin. Na hure shi da bulowa amma na riƙe fankokin da yatsa, don in ka bar iska ta wujijjiga su fiye da kima ƙarasa su za ka yi. Na kwance sukurori huɗun baya na ɗaga ƙarfen. Man nan mai ruwan toka da ake shafawa a kan cif ya bushe ƙayau, yana ɓarewa kamar busasshen taɓo. Su kuma 'yan fallayen roba da ke kwance kan ƙwayoyin memori sun yi laushi suna tsatsar mai, wani ma ya rabe biyu. Ƙwayoyin guda 8 ne kewaye da cif ɗin, kowacce 1GB. Na lura allon ya ɗan yi duhu a kewayen biyu daga cikinsu, kalar shayin da aka bari ya daɗe. Wannan duhun bai kwanta min a rai ba.

Na goge da sifirit, na sa sabon mai, na yanka sabbin fallaye daidai kaurin na da. Kaurin nan da muhimmanci, in ya yi yawa ƙarfen ba zai zauna kan cif da kyau ba, in ya yi kaɗan memori ba za ta taɓa ƙarfe ba. Fankar na ɗiga mata mai kaɗan ta saki. Na mayar, zafi ya tsaya 71 zuwa 73 ana cikin aiki.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Kwana biyu ba ɗaukewa ko ɗaya. Na gama bidiyo ɗaya na miƙa, na fitar da katin gayyata uku. Alhamdulillah. Inaga zafi ne.

Talata, 11 ga Fabrairu

Ba zafi bane kaɗai.

Da safe ina kunnawa naga ɗige-ɗige kore da ruwan hoda a warwatse a sikirin kamar an watsa gero, in na ja taga sai ta bar sawu, wani wurin kuma 'yan murabba'i kamar gidan dara. Na danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, wanda ke sa direban hoto ya sake tashi, sikirin ya ƙifta ya dawo da ɗigensa.

Gwaji biyu na yi kuma su ne suka fi komai amfani tun da na fara. Na farko na ɗauki sikirinshot na tura wa wayata ta WhatsApp. Dalili shi ne sikirinshot daga cikin memorin katin ake ɗaukarsa, tun kafin hoto ya bi waya ya je monita. In da waya ce ko monita, hoton zai fito tsaf a wayata. Na buɗe, ga ɗige-ɗigen nan raɗau. Kenan tun a cikin katin hoton ya lalace.

Na biyu na yi ristat na dinga danna Delete na shiga BIOS. A can babu Windows babu direba babu komai, amma ga layuka a tsaye shuɗi-shuɗi sun ratsa rubutun. Duk mai cewa in yi fomat wannan ta rufe maganar.

Ana haka Hajiyar da nake haɗa wa bidiyon bikin 'yarta ta kira. Tace ɗana ya aikin namu, dangin ango za su koma ranar Lahadi kuma suna son su tafi da shi. Nace Hajiya ki yi haƙuri injin ne ya ɗan samu matsala amma in sha Allahu kafin Asabar zai zo hannunki. Tace Allah ya yi albarka. Na ajiye wayar jikina a sanyaye don ni kaina ban san da me zan yi ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Abin da ya cece ni shi ne i5-6500 na da nasa ɗan girafis a ciki, HD 530. Na cire katin gaba ɗaya na mayar da HDMI kan madabod. Hoto ya fito garau, ba ɗigo ba layi. Ga wanda zai gwada wannan, ya tabbata firosesarsa na da shi, na Intel masu harafin F a ƙarshe kamar i5-9400F basu da shi, Ryzen na da ma da yawa sai masu G.

CorelDraw da Photoshop suna tafiya ba laifi. Premiere ce ke ja da ƙafa, sai da na rage ingancin abin kallo zuwa kashi ɗaya cikin huɗu sannan na iya yanka. Fitar da bidiyo kuma sai haƙuri, na saita shi na tafi sallar isha'i na ci abinci na dawo bai kai rabi ba. Amma yana tafiya, kuma baya ɗaukewa, shi ne muhimmi.

Da dare na sa MemTest86 a filash na barshi yana gwada ram. Zagaye na biyu aka ɗauke wuta, batirin inbata bai kai ba. Na sake sawa da asuba da aka kawo, ya gama zagaye 4 babu kuskure ko ɗaya. Ram lafiyarta ƙalau.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Na kai wa Hajiya bidiyonta jiya da yamma. Wani nauyi ya sauka.

Yau na mayar da katin don in gane ainihin ina ne ciwon. Na fara duba ko ma RX 580 na gaskiya ne, saboda akwai wanda aka yi wa kasuwar Sin mai suna RX 580 2048SP, wanda a zahiri ɗan'uwan RX 570 ne, kuma sun cika kasuwa. GPU-Z ya nuna min shaders 2304, wato ƙananan injinan lissafi da ke cikin cif, ba 2048 ba, nawa na ainihi ne.

Sai na buɗe MSI Afterburner, manhajar da ake rage ko ƙara gudun kati da ita. Memorin katin nan 2000MHz take gudu. Na sauke ta zuwa 1750, ɗige-ɗigen suka ragu sosai, na ƙara saukewa suka kusa ɓacewa. Na mayar da ita 2000 na sauke gudun cif ɗin shi kaɗai, babu abin da ya canza. Wannan ya nuna min yatsa kai tsaye zuwa memori, ko dai ƙwaya ɗaya ta gaji ko kuma dalmar da ke ƙarƙashinta ta tsage. Na tuna duhun nan da na gani kusa da ƙwayoyi biyu. Na sa gwajin memorin kati na OCCT, ko minti biyu bai yi ba kurakurai suka fara zubowa kamar ruwa.

Nan ne na zauna na yi tunanin inda katin ya fito. AMD ta fitar da RX 580 a Afrilun 2017, kuma yana cikin katunan da masu haƙar Ethereum, wato kuɗin intanet na kirifto, suka fi rububi a duniya, saboda 8GB ɗinsa da kuma arha. Haƙar Ethereum memori take ci fiye da cif, don haka sai su rage wa cif wuta su ɗaga gudun memori sama da yadda kamfani ya saita, su jera su goma-goma a kan katako suna aiki dare da rana shekara da shekaru. Ranar 15 ga Satumba 2022 Ethereum ta canza tsari aka daina haƙarta da kati kwata-kwata, sai katunan nan suka malalo kasuwannin duniya a kwali-kwali. Ni kuma na sayi nawa 'yan watanni bayan haka, a farashin da har na yi mamakin sauƙinsa. Mai shagon ce min ya yi na wani ne da ke buga gem jefi-jefi. Ba zan rantse cewa ya san gaskiya ya ɓoye ba, ƙila shi ma haka aka faɗa masa. Amma fallaye masu tsatsar mai da allo mai duhu wajen memori, ba gem ɗin ƙarshen mako ke yin haka ba.

Ba wai ina cewa duk katin da aka yi haƙa da shi matacce bane. Shekara biyu ya yi min aiki, ya ciyar da ni. Abin da ke damuna shi ne da na sani da tun ranar farko na canza masa fallaye da mai, na kuma dinga sa ido kan zafinsa.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Yau na ga abin da ya fi komai tayar min da hankali, kuma da ban duba ba da sabon katin da zan saya ma haka zai bi.

Ina zare wayar wuta mai baki 8 daga katin sai na ji ta yi tauri. Na ja da ƙarfi ta fito, na duba ciki, baki biyu sun yi ƙasa-ƙasa robar ta fara narkewa. Fawa fak ɗina dama bashi da wayar kati, tun ranar da na sayi katin aka haɗa min da 'yar wayar nan da ke ɗaukar wuta daga bakin molex biyu ta mayar baki 8. Na manta da ita sam.

Na karanta takardar jikin fawa fak ɗin a nutse, abin da ban taɓa yi ba. Babban rubutu 500W. Ƙaramin rubutu kuma, layin 12V amfiya 18 ne. Ka ninka 12 sau 18, wat 216 kenan. Sauran wat ɗin da suka cika lissafin duk a layin 5V da 3.3V suke, inda kwamfutar zamani bata cin wani abin kirki. Kati da firosesa kuwa duka daga 12V suke sha. RX 580 wat 185, i5-6500 wat 65, jimla 250, ban sa hadis da fankoki ba. Kenan shekara biyu ina ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Na ɗauko mita na sa baƙin tsinke a baƙar waya, jan tsinke a rawaya. A zaune 12.1V. Na kunna FurMark, manhajar da ke sa kati aiki iya ƙarfinsa, allura ta gangaro 11.6, 11.3, har 11.1 sannan sikirin ya ɗauke. Ƙa'idar ATX kashi 5 cikin ɗari ta yarda a sama ko a ƙasa, wato daga 11.4 zuwa 12.6. Nawa ya fita daga layi. Kuma mita matsakaici kawai take nunawa, bata ganin ƙananan tsalle-tsallen da wutar ke yi, waɗanda su ne ke cin kayan cikin kati a hankali. Ka haɗa da wutarmu da ake kawowa wani lokaci ƙasa wani lokaci sama, da canji daga layi zuwa janareta sau uku a yini.

Ƙanena yace Yaya mu buɗe fawa fak ɗin mu gani mana ko wani abu ne ya kumbura. Nace kul, kada ka kuskura. Manyan kafasito na ciki suna riƙe wuta ko an zare daga bango, kuma wutar da za ta iya kashe mutum ce. Abin da ba a gyarawa a gida kenan, canzawa ake yi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Sauran gwaji ɗaya, in sa katin a wata kwamfutar mai lafiyayyar wuta. In ya yi aiki a can to fawa fak ne kaɗai, na tsira. Na kai shagon wani dattijo da ya daɗe yana gyara, tun zamanin monita mai ƙeya yake wannan sana'a. Na gaishe shi na zayyana masa komai, yace ai ka gama aikin yaro, kawo mu gani. Ya sa a tasa mai fawa fak 650W da wayar kati ta asali. Tun daga tambarin farko layukan suka bayyana. Windows ta hau da ƙaton rubutu, Device Manager ya sa wa katin alamar rawaya, Code 43.

Nace Baba babu yadda za a yi? Yace akwai hanya biyu. Ta gaskiya ita ce a gano ƙwayar da ta lalace a ɗaga ta a dasa wata, amma sai mai injin da ya dace da hannu mai kyau, kuma in ka haɗa kuɗin aiki da na ƙwaya ka kusa kuɗin wani katin, sannan sauran bakwai ɗin ma shekarunsu ɗaya wahalarsu ɗaya. Ta biyu a gasa shi da iska mai zafi. Ya faɗa min gaskiya tun kafin in tambaya, yace wannan ba gyara bane, farfaɗowa ce, wani ya yi wata uku wani ko sati baya yi. Dalmar zamani mara gubar darma sai wajen digiri 217 take narkewa, in an kai can tsagar na iya haɗewa na ɗan lokaci, amma abin da ya tsaga ta yana nan.

Na ji daɗin yadda bai ɓoye min ba. Akwai masu gasa kati su goge shi ya yi ƙyalli su sayar a matsayin lafiyayye, ya mutu a hannun wanda ya tara kuɗinsa da kyar. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Nace ya gasa, tunda a yadda yake ma ba amfani yake min ba. Ya rufe kafasito da takardar alminiyam, ya zuba ruwan taimaka wa dalma (flux) ta gefen ƙwayoyin biyu, ya bi su da iska a hankali yana zagayawa. Muka jira ya huce. Aka kunna, hoto garau.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ban sa shi a tawa ba sai da na sayi sabon fawa fak. 550W mai shaidar 80 Plus Bronze, kuma wannan karon a gaban mai shagon na juya kwalin na karanta, layin 12V ya haura amfiya 40, ga wayar kati tasa ta kansa. Ko a hannu ka ɗaga ka ji bambanci, tsohon kamar gwangwanin madara. Na auna ana cikin FurMark, 12.0 bai motsa ba. 'Yar wayar molex ɗin na yanka ta biyu kafin in jefar don kada wani ya tsinta.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kwana uku ya yi. Na samu na fitar da bidiyo biyun da suka rage da shi, don haka kuɗin gashin bai tafi a banza ba. Yau da hantsi sikirin ya yi baƙi, fankokin katin suka tashi da ƙarfi kamar za su fice, bai dawo ba. Na kashe na kunna, madabod ya yi ƙara doguwa ɗaya gajeru uku, na duba littafinsa, ma'anar bai ga katin hoto ba. Na cire na goge haƙoransa na mayar, na cire batirin CR2032 na minti biyar na mayar, duk ɗaya. Shikenan ya tafi.

Na koma HD 530.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Kwanakin nan ina ta auna wanda zan saya. Wani RX 580 ɗin shi ya fi arha kuma ya fi yawa a kasuwa, amma ba zan sake ba, daga rami ɗaya suka fito, ga cin wuta ga zafi kuma watan Maris da Afrilu na tafe. GTX 1660 Super mai 6GB na so, wat 125, sai dai shi ma an yi haƙa da shi sosai kuma kuɗina bai kai ba bayan fawa fak. RX 6600 ya fi su duka amma ya fi ƙarfin aljihuna, kuma firosesata ma ba za ta iya ciyar da shi ba.

Na tsaya kan GTX 1650 mai 4GB, na 2019. Na san a gem RX 580 ya fi shi, duk wanda ya ce ba haka ba bai gwada ba. Amma ni ba gem nake ba. Wat 75 yake ci, daidai abin da ramin PCIe ke bayarwa, wanda na gani ko wayar wuta baya buƙata. Wat 110 kenan na rage wa inbata, wanda a shagona ma'anarsa ƙarin lokacin aiki in an ɗauke wuta. Kuma 4GB ta yi wa masu haƙar Ethereum kaɗan tun wajen ƙarshen 2020, don haka da wuya a ce ya sha irin waccan wahalar. Premiere kuma na amfani da NVENC ɗinsa, wato sashen katin da ke sarrafa bidiyo, wajen fitar da bidiyo.

Litinin, 3 ga Maris

An shiga azumi, Allah ya karɓa mana. Na je da safe kafin rana ta yi. Na tafi da filash ɗina mai GPU-Z da FurMark da OCCT, nace wa mai shagon Oga ba zan biya ba sai na gwada rabin awa. Ya ɗan ɓata rai yace kaya mai kyau ne, nace na yarda amma a bari in gani. GPU-Z ya nuna shaders 896, daidai da na gaskiya, don akwai tsofaffin katuna da ake canza wa suna a ciki su dinga nuna abin da ba su bane. FurMark minti 20 zafi ya tsaya 68, gwajin memori minti 10 ba kuskure. Na haska bayan allon da tocilan ba duhu, sukurori ba alamar an taɓa kwancewa. Na sa ya rubuta min sati biyu a rasit.

Na dawo na yi DDU na share na AMD kafin in ɗora na NVIDIA. Bidiyon da ya ci min dare guda a HD 530 na sake fitar da shi don gwaji, kafin la'asar ya gama.

Talata, 11 ga Maris

Kwana takwas, na duba Event Viewer babu 4101 ko ɗaya tun 22 ga Fabrairu. Zafi mafi yawa da na gani 70, kuma garin ya fara ɗumi. Na yanka gidan sauro na manna a gaban akwatin inda iska ke shiga, na ɗaga shi daga ƙasa na ɗora kan benci, na sa wa wayata tuni duk Juma'ar farkon wata in hure shi.

Abu biyu suka rage. Sitabilaiza ɗin shago ya tsufa, ina jin yana ƙaf-ƙaf in wuta ta yi ƙasa, bayan sallah zan canza shi. Sai maganar Windows 10 da Microsoft ta sa ranar 14 ga Oktoba 2025 ta daina tallafawa, kuma i5-6500 baya cikin jerin da Windows 11 ta yarda da su, daga zubi na 8 suka fara. Wannan sai na zauna na yi lissafin madabod da firosesa.

Tsohon RX 580 ɗin wani yaro ya zo yace in sayar masa zai gasa ya sayar. Na hana. Na kai wa Baba mai gyara ya ciri fankoki da abin da zai iya amfani da shi, na rubuta MATACCE da maka a bayan allon kafin in miƙa masa. Aikin kalandar sallah ya fara shigowa, guda biyar tun jiya.